Yadda ake cire rediyon mota na kamfani a saka sabo ba tare da an yanka waya ko ɗaya ba

Tun ranar da na canza rediyon Corolla ɗina aka fara ganin sikirin a gaban motar ban huta da tambaya ba, wannan ya ce nawa ka kashe, wancan ya ce wane rewaya ne ya maka, wani ma a bakin masallaci ya tare ni wai tunda aka saka masa Android kullum da safe a mace yake samun batir sai an tura. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya shi yasa na ce bari in zauna in rubuta abun daki-daki. Da Corolla ta 2003 zuwa 2008 zan yi misali saboda ita na fi sani kuma ita ta cika titi, amma yawancin abun da zan faɗa zai yi aiki a Camry da Honda da Golf da sauransu, inda suka bambanta zan nuna.

Ko da kanka za ka yi ko rewaya za ka kaiwa, abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, kar ka yarda a sa filaya a yanke soket ɗin motarka. Kusan duk wahalar da mutane ke sha bayan canjin rediyo daga wannan yankan take farawa.

1. Duba motarka tukunna kafin ka je kasuwa

Ramin rediyo iri biyu ne a yawancin motoci. Akwai siriri da ake cewa singil din, faɗinsa santimita 18 tsayinsa 5, irin na Golf 3 da 406. Akwai kuma dobul din, faɗi ɗaya ne amma tsayin santimita 10. Toyota da yawa nasu ya ɗan fi faɗi, yakan kai santimita 20, shi yasa in ka saka dobul din na gama-gari sai kaga rami ya rage hagu da dama, dole sai da ɗan roban cike gefe ko firam.

Bayan girma ka duba abu uku. Na farko leƙa jikin rediyon ko murfin sifikun ƙofa, in ka ga an rubuta JBL, kamar yadda ake samu a wasu Camry da Avalon da Sienna da Highlander, to motar tana da ampilifaya nata daban a ɓoye, kuma soket ɗinta ba irin na sauran Toyota bane. In ka sayo soket na gama-gari rediyo zai kawo wuta tsaf amma ko tari ba za ka ji daga sifika ba. Na biyu, akwai maɓallan ƙara murya a sitiyari? In akwai kuma kana son su ci gaba da aiki sai ka faɗa wa mai kaya tun farko. Na uku, esi ɗinka a jikin rediyo yake ko daban? Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wato EOD da Discussion Continues, ku ne da wannan, maɓallan esi da rediyo allo ɗaya suke, ka tuge rediyo ka tuge esi. Hanya biyu ce gare ku, ko dai a bar tsohon a inda yake a saka sabon a aljihun da ke ƙasa, ko a sayi wanda aka yi musamman dan EOD mai zuwa da nasa hanyar sarrafa esi, shi ma sai ka tabbatar ya dace da naka dan akwai esi mai sanyi ɓangare ɗaya akwai mai ɓangare biyu.

Gargaɗi ga masu Honda: tsohon rediyonku yana da lambar sirri, da zarar an cire batir zai rubuta CODE ya ƙi aiki sai an saka. In za ka bar shi a motar ko kana da niyyar mayar da shi wata rana, nemi lambar tun yanzu, wani lokacin tana kan ɗan kati a cikin takardun mota ko a manne cikin akwatin gaban fasinja.

Ɗauki hoton dashbod ɗin da wayarka ka tafi da shi kasuwa tare da shekarar motar. Kar ka ce Corolla kawai, Corolla ta Amurka da ta Turai shekara ɗaya gabansu ba ɗaya bane.

2. Wanne za ka saya, kuma ina kuɗin ke tafiya

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Apo a Abuja kala uku za ka tarar. Akwai ƙaramin ɗan Chana singil din mai Bluetooth da wajen filas da memori, shi ne mafi araha, in buƙatarka kawai ka saka karatu ko ka amsa waya ya ishe ka. Akwai na kamfanonin da aka sani, Pioneer, Sony, Kenwood, JVC, waɗannan sun fi tsada amma sautinsu ya fi tsabta kuma suna kama tasha sosai, sai dai jabunsu ya yi yawa musamman masu sunan Pioneer, ɗaga shi ka ji nauyi, duba bayansa ko akwai ƙarfen shan zafi na gaske, in kuɗin ya yi arahar da hankalinka bai kwanta ba to ba shi bane. Sai na uku Android mai sikirin inci 7 ko 9 ko 10, wanda shi kowa ke so yanzu.

A kan Android ɗin nan bari in tsaya kaɗan. Kar ka sayi mai RAM 1 da ma'aji 16, wallahi zai ba ka haushi, ka taɓa shi sai ya yi tunani kafin ya amsa, ka buɗe taswira da waƙa lokaci ɗaya ya sandare. Mafi ƙaranci 2 da 32, in da hali 4 da 64. Kuma abun da aka rubuta a kwali ba hujja bane, akwai waɗanda ake canza musu rubutu har a cikin saitin su nuna abun da ba su da shi, ka sa a jona maka shi da batir a shagon ka buɗe abu uku huɗu a jere ka gani da idonka. Ka kuma shiga wajen rediyo ka ga ko FM ɗin yana tafiya daga 87.5 har 108. Tsohon rediyon da aka yi dan kasuwar Japan daga 76 yake zuwa 90, zai kamo maka Dala FM a 88.5 amma Arewa Radio a 93.1 da Freedom a 99.5 sai dai ka ji labari. In kai mai sauraren Rediyon Kaduna ne a AM ka tambaya, wasu Android ɗin ba su da AM gaba ɗaya.

Wancan 4x50W da suke rubutawa da manyan baƙi kar ya ruɗe ka, ƙarfin da yake bayarwa na gaske a kowace sifika bai fi wajen wat 20 ba, a kusan dukkansu. Ya isa sifikun mota huɗu, bai isa wufa ba.

Kuɗi kuwa dala yake bi, abun da na biya bara ba shi za ka biya bana ba, dan haka ka zaga shago uku kafin ka ciro ko sisi. Abun da nake so ka gane shi ne ba rediyo kaɗai kake saya ba, lissafinka ya haɗa da firam ɗin da ya dace da motarka, da soket mai shiga na kamfani kai tsaye, da adaftar eriya in motarka na buƙata, da akwatin kanbos, wato ɗan akwatin da ke haɗa sabon rediyo da na'urorin motar, in motar ta zamani ce ko mai JBL, da kyamarar ribas in kana so, sannan kuɗin aiki. Ka ce a faɗa maka kuɗin duka a haɗe. Dabarar wasu masu shago ita ce su sauke maka kuɗin rediyon har ka ji daɗi, sai an kwance dashbod ɗinka ya zama ba ka da yadda za ka yi sannan a ce ai firam daban ne Alhaji. Soket ɗin nan shi ne mafi ƙarancin kuɗi a cikin kayan, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Kuɗin rewaya ma a yi ciniki a gama kafin ya taɓa noti ɗaya.

3. Kayan aiki

Sifana lamba 10, in da soket-sifana mai dogon hannu ya fi. Sukudireba mai tauraro da mai faɗi. Robobin ɓanɓare dashbod, in babu ka naɗe bakin sukudireba mai faɗi da salatif ko tsumma dan kar ya kankare maka roba. Mita ta gwada wuta, ko a ƙalla testa mai ƙwan fitila. Filaya, ƙarfen soda da dalma, robar nan da ake zura wa waya a gasa ta ta matse, baƙin salatif mai kyau, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Batir ɗin tocila ƙarami mai 1.5 guda ɗaya. Sai murfin kwano ko kofi na zuba notina, dan noti in ya faɗa cikin dashbod ya tafi kenan, sai dai ka riƙa jin ƙararsa a kan hanya mai gargada.

Motocin Turai irin Golf da Vectra da 406 ba noti ke riƙe rediyonsu ba, wasu siraran ƙarafa ake zurawa ta ramukan gefe su saki makullin, ana sayar da su ko ka ara a wajen masu sakawa.

4. Fitar da faifai, cire kan batir

Kafin komai danna ka fitar da CD ko kaset ɗin da ke ciki, mutane da yawa sai rediyo yana hannu suke tunawa. In motar otomatik ce ja birkin hannu sosai, ka kunna makulli ka mayar da giya baya zuwa N ko ƙasa dan ka samu fili, sannan ka kashe. Buɗe bonet ka kwance kan batir na nagatif, mai alamar ragi, da sifana 10, ka karkatar da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba.

Hattara: nagatif ake fara cirewa. In ka fara da fozitif sifana ta taɓa jikin mota za ka ga tartsatsin da ba za ka manta ba. Kuma kar ka rufe ƙofofi da makulli a ciki, wasu motocin suna kulle kansu lokacin da aka mayar da batir.

Masu cewa ai ba sai an cire batir ba minti biyar ne, su ne dai masu zuwa neman fis daga baya, in an yi sa'a kenan abun ya tsaya a fis.

5. Buɗe dashbod

A Corolla ɗin da nake magana daga ƙasa ake farawa a yi sama. Ɓanɓare robar da ta zagaye giya, kilif ne kawai ke riƙe da ita. Sai ka zare maɓallin tsakiya na esi, ja shi kawai zai fito, a bayansa akwai sukuru ɗaya a ɓoye, wannan sukurun shi ne ke sa mutane fasa allon esi saboda suna ta ja ba su san da shi ba. In ka kwance shi allon zai saki, ka zare soket-soket ɗin da ke bayansa a hankali, kowanne yana da ɗan harshe da ake dannawa, kar ka ja ta waya. Daga nan za ka hango notina huɗu lamba 10 da suka riƙe rediyon, kwance su, ka jawo rediyon gabanka, zai fito tare da ramukan iskan sama.

Robar motar da ta shekara ashirin tana shan ranar Arewa ta bushe kamar ƙwarya, ka yi da lallami. In lokacin sanyi ne kar ka yi da sassafe, bari rana ta ɗan ɗumama motar tukunna, roba mai sanyi ta fi saurin karyewa. In wani waje ya ƙi fita to akwai sukurun da ba ka gani ba, ƙarfi ba zai yi ba.

A bayan rediyon za ka ga farin soket biyu, babba mai rami 10 da ƙarami mai rami 6, sai baƙar wayar eriya mai kauri. Ɗauki hoto kafin ka zare.

Duk wayar da ka gani an naɗe ta da ruwan ɗorawa mai haske ko soket ɗinta gaba ɗaya ruwan ɗorawa ne a cikin dashbod, ta eyabag ce. Kar ka zare ta, kar ka soka mata testa, kar ka kusance ta da batir ɗin tocila.

6. Haɗa wayoyi, nan ne aikin yake

In Android ka saya wanda aka haɗo da soket ɗin motarka, ka huta, tura wannan cikin wancan har ka ji ƙas. In kuwa rediyon ya zo da wayoyi a sake ne, to a kan tebur za ka zauna ka haɗa su da wayoyin soket ɗin da ka sayo, ba a cikin mota kana gumi ba. Launukan sabon rediyo da na soket ɗin kasuwa tsari ɗaya suke bi, kala da kala ne:

Ruwan ɗorawa ita ce wutar dindindin daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja ita ce wutar makulli, sai an murɗa take kawowa. Baƙa as ce, wato nagatif da ke haɗe da ƙarfen jikin mota. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai ratsin fari kuma ita ke tada ampilifaya. Ruwan lemo ta fitila ce, ita ke rage hasken sikirin in ka kunna fitilun dare. Sifiku kuma bibbiyu ne, fari gaba hagu, ruwan toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya wato fafal baya dama, a kowanne biyun mai ratsin baƙi ita ce nagatif.

Feɗe kowace waya kamar santimita ɗaya, ka fara zura robar gasawa, murɗa su tare, ka sa dalma, ka jawo robar ta rufe ka gasa. Na san yawancin rewayoyinmu murɗawa kawai suke su naɗe da salatif, kuma yana aiki na ɗan lokaci, amma cikin dashbod a watan Afrilu tanda ne, gam ɗin salatif yana narkewa ya warware, wata shida sai kaga sifika ɗaya tana ɗaukewa in ka faɗa rami. Wayar da ba ka yi amfani da ita ba ka rufe bakinta ita kaɗai, kar ka tattara su ka naɗe tare.

Gargaɗi babba: kar ka haɗa nagatif ɗin sifika da jikin mota, kar kuma ka haɗa nagatif na sifiku biyu waje ɗaya wai dan rage waya. Rediyon zamani kowace sifika wayoyinta biyu nata ne ita kaɗai, in ka yi haka aisi ɗin sauti, wato ɗan abun da ke ba sifiku ƙarfi a cikin rediyon, shi ne zai ƙone, rediyo na kawo wuta babu murya.

Sai maganar ja da ruwan ɗorawa, wadda ita ce ciwon mutumin can na bakin masallaci, ni ma kuma ta taɓa cina a motata ta farko. Na kai wa wani rewaya, yaron shagon ne ma ya yi aikin, bai tsaya neman wayar makulli ba ya murɗe ja da ruwan ɗorawa waje ɗaya ya jona su a wutar dindindin. Na ce masa ya na ga na zare makulli rediyo bai mutu ba, ya ce ai haka ya fi Oga, ko mota a kashe za ka sha kiɗanka. Na yi tafiyar kwana uku na dawo ko fitilar dashbod ba ta kawowa, har na fara zargin batir ɗin da bai shekara ba. In aka yi akasin haka kuma, aka jona su biyun a wutar makulli, batir zai tsira amma kullum ka tada mota agogo ya koma sifili tashoshi sun goge. Masu Golf da Opel ku lura, soket ɗinku na ISO ne kuma waɗannan wayoyin biyu a juye kamfani ya jera su, shi yasa adafta mai kyau take zuwa da mahaɗi a kan ja da ruwan ɗorawa, in rediyo yana mantuwa sai ka zare ka musanya su kawai.

7. In an riga an yanke maka soket

Da yawa motocin da muke saya hannu na biyu ko na uku ne, ka buɗe ka tarar wani ya riga ya yi aika-aika, wayoyi tsirara kamar taliya. Toh anan ne ake ƙona rediyo, saboda mutum sai ya ɗauka launin wayar mota ɗaya ne da na rediyo. Ba ɗaya bane ko kusa. A Toyota ta wancan zamanin baƙar waya ba as bace, ta sifikar baya hagu ce, abokiyarta ruwan ɗorawa. Ja da fari na sifikar baya dama ne. Ruwan hoda da shunayya gaba hagu, kore mai haske da shuɗi gaba dama. As ɗin gaske ruwan ƙasa ce, wutar makulli ruwan toka, wutar dindindin kuma shuɗiya mai ratsin ruwan ɗorawa. Ka ga wanda ya bi kala da kala a nan ya jona wutar rediyo a sifikun baya kenan.

Ko da na faɗa maka launukan kar ka yarda da ni sai ka gwada. Raba wayoyin kar wata ta taɓa wata, mayar da soket ɗin hazad da na esi, sannan kan batir na ɗan lokaci, saita mita a DC 20, baƙin tsinke a ƙarfen jikin mota, jan tsinke kana taɓa waya ɗaya-ɗaya. Wadda ta nuna 12 da ɗoriya makulli a zare, dindindin ce. Wadda sai ka murɗa makulli ta nuna, ta makulli ce. Wadda sai ka kunna ƙananan fitilu, ta fitila ce, kuma wannan ta fitilar tana yaudara, in fitila a kashe take sai ta yi kamar as, ka jona as a kanta rediyo ya yi aiki lafiya da rana, magariba na yi ka kunna fitila fis ya tashi. Manna wa kowace takarda ka rubuta, ka sake cire batir.

Takwas daga cikin sauran na sifiku ne. Ɗauki biyu ka taɓa su a kai da gindin batir ɗin tocila, taɓawa kawai ba riƙewa ba, za ka ji ɓus daga ƙofar da suke. In kana ganin sifikar, ta turo waje to wayar da ke taɓa kan batir ɗin, ba gindinsa ba, ita ce fozitif. Bayan ka gano su, shawarata ka nemo guntun soket na Toyota a wajen masu kayan baljiyam ka mayar wa motar da shi, a wuce wajen har abada.

8. Ƙananan wayoyin da ake mantawa

Eriya: tura ta har ƙarshe. In eriyar motarka a jikin gilashin baya take kamar Camry Muscle, tana da ɗan abun ƙara ƙarfi da ke buƙatar wuta daga shuɗiyar waya, in ba a jona ba za ka ji tashar da ke kusa kawai sauran duk shuu. Yawancin masu cewa Android ba ya kama tasha wannan ce matsalarsu, ko da yake gaskiya wasu masu arahar kunnensu bai kai na kamfani ba ko an jona.

Eriyar GPS ka manna ta can saman cikin dashbod inda roba ce kawai tsakaninta da gilashi, ƙarfe na tare ta. Makirfon a saman sitiyari ko kusa da madubin tsakiya, nesa da ramin esi in ba haka ba mai kiranka iska kawai zai ji. Wayar filas ka zuro ta cikin akwatin gaban fasinja tun yanzu. Wayoyin sitiyari an rubuta musu KEY1 da KEY2, bayan an jona sai ka shiga saitin ka koya masa maɓalli ɗaya-ɗaya.

Kyamarar ribas tana shan wuta daga wayar ƙwan ribas a but, sannan siririyar jar wayar da ke manne da wayar hoto, gefe ɗaya a ƙwan ribas ɗin, ɗaya gefen a wayar rediyo da aka rubuta BACK ko REVERSE, ita ke gaya wa sikirin ya juya. Bi da wayar ta ƙarƙashin robobin bakin ƙofa, ba ta ƙarƙashin kafet inda ƙafa ke takawa ba.

Akwai wata da aka rubuta BRAKE ko PARKING, ta birkin hannu ce, aikinta ta hana bidiyo in mota na tafiya. Kusan kowa jona ta yake da as dan fim ya yi ta yi. Ni dai a tawa birkin hannu na kai ta, na ga direba yana kallon fim a hanyar Zariya da dare kuma ban ji daɗin zaman motar ba.

9. Gwada kafin ka ɗaure komai

Jona soket, ɗora rediyon a kan tsumma a bakin ramin, mayar da soket ɗin hazad da na esi, sannan kan batir. Kar ka murɗa makulli alhali akwai soket ɗin da ke zare, wasu motocin za su kunna maka fitilar gargaɗi da ba za ta mutu ba sai an sa kwamfuta.

Murɗa makulli, ya kawo? Zare makulli, ya mutu? Ajiye tasha ɗaya ka kashe ka jira minti biyu ka kunna, tana nan? Shiga wajen daidaita sauti ka tura shi gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama, ka tabbatar kowanne daga inda ya dace yake fitowa. Ga wata dabara, in sauti yana tsakiya ka ji bes ya yi siriri amma da ka tura shi gefe ɗaya sai ya yi kauri, to sifika ɗaya an juya mata fozitif da nagatif, suna cin juna. Kunna fitila ka ga sikirin ya rage haske, sa ribas, kira wani ka ji ko yana jinka. Daga ƙarshe tada inji ka taka totur, in ka ji wani siririn kuka yana hawa yana sauka tare da inji as ɗinka bai zauna ba, nemi noti a ƙarfe mai tsabta ka ɗaure shi nan.

In bai kawo wuta ba gaba ɗaya, duba fis ɗin bayan rediyon, yawanci lamba 10 ne, sannan na mota, a Toyota ka duba wanda aka rubuta RADIO ko ACC ko CIG da kuma DOME. Fis in ya ƙone a saka mai lambarsa. Kar a naɗa masa waya ko takardar sigari, wannan shi ne hanyar da mota ke kamawa da wuta.

10. Ɗaurewa da rufewa

Kwance ƙarafan gefe daga tsohon rediyo ka mayar a sabon, ramukan Toyota galibi an sa musu alamar T. Yi amfani da sukurun da suka zo a kwalin sabon, gajeru ne, ba su wuce milimita 8 ba, in ka sa dogo zai shige ciki ya huda allon rediyon. Tattara wayoyi ka ɗaure su, ka tura su gefe kar su danne bayan rediyon inda yake fitar da zafi kuma kar su shiga hanyar wayoyin ƙarfen da ke juya esi. In ka tura ya ƙi zama kar ka danna, jawo shi ka gyara wayoyin. Notina huɗu, allon esi, sukurun ɓoye, maɓalli, robar giya.

11. In kana son ƙarin sauti

Sabon rediyo a kan sifikun da takardarsu ta yage ba abun da zai canza, sai ma ya ƙara tona musu asiri. Sifikun gaba su za ka fara canzawa, masu om 4, auna girman tsohuwar da zurfinta dan kar maganaɗisun sabuwar ya tare gilashin ƙofa in ka sauke shi.

Wufa kuwa sai da ampilifaya, shi kuma wutarsa kai tsaye daga batir ake jawowa da waya mai kauri, geji 8 ga ƙarami geji 4 ga babba, ka kankare bakinta ka gani dan da yawa alminiyam ne aka shafa wa ruwan tagulla. Fis ɗinta a kusa da batir ake sawa, kar ya wuce santimita 45, ba a but ba, saboda wayar yake karewa ba ampilifaya ba. Inda za ta ratsa ƙarfe daga inji zuwa cikin mota a bi ta ramin da ke da roba. As gajere, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota, wayoyin RCA masu kai sauti daga rediyo zuwa ampilifaya su bi ɗaya gefen, shuɗiya mai ratsin fari ta je wajen da aka rubuta REM. Maɓallin gen ba na ƙara murya bane, kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ɗaga gen a hankali har sauti ya fara fashewa sai ka ɗan dawo baya ka bar shi nan. In fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da bes ya buga, altanetarka ce ke gaya maka kayan sun mata yawa.

Tsohon rediyon kuma kar ka bar wa yaran shago. Sa shi a kwalin sabon tare da sukurunsa, in Honda ce ka rubuta lambar sirrin a jikinsa, ranar da za ka sayar da motar tunda ba a yanka komai ba minti ashirin ya isa ka mayar da shi ka zare naka ka tafi da shi sabuwar mota.